Idan jirgi ya yi saukar gaggawa, wa zai fito da kyanwar?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga ma'aikatan jirgi da likitocin dabbobi. Kamfanoni da dama suna barin fasinja ya shiga da kyanwa ko ƙaramin kare a jaka, ya tura ƙarƙashin kujerar gabansa. To idan aka yi saukar gaggawa aka ce kowa ya fita, jakar nan kaya ce da za a bari ko rai ne da za a ɗauka? Waɗanda aka sa a ɗakin kaya na ƙasa kuma, wane tanadi aka yi musu? Katin bayanin tsira da ke aljihun kujera ba ya cewa komai a kai.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam Maman Ilham. Amsar ba ta da daɗin ji, amma gara a san ta tun a ƙasa. Umarnin da ma'aikatan cikin jirgi suke ɗaga murya da shi a lokacin ficewa guda ne: a bar komai. Ba a ware jakar dabba daga ciki ba. Dalili kuwa lokaci ne. Kafin a amince wa babban jirgin fasinja ya fara aiki, sai an gwada an ga cewa duk mutanen ciki za su iya fita cikin sakan 90, rabin ƙofofin kuma a rufe. An sa wannan ma'auni ne saboda wuta: idan man jirgi ya kama a waje, jikin jirgin ba ya jimawa kafin zafi da hayaƙi su ratso ciki.

Ki duba abin da ya faru a filin jirgin Haneda da ke Tokyo ranar 2 ga Janairu 2024. Jirgin Japan Airlines ƙirar A350 ya yi karo da ƙaramin jirgin masu tsaron gaɓar teku a kan titin sauka, ya kama da wuta. Mutum 379 ne a ciki, ƙofa uku kacal cikin takwas aka iya buɗewa, na'urar magana ta ciki ta mutu har ma'aikatan suka koma amfani da lasifikar hannu da muryarsu. Duka 379 ɗin sun fita da rai. A hotunan da aka ɗauka ba a ga fasinjoji da akwatuna a hannu ba. A ɗaya jirgin mutum biyar cikin shida sun rasu. Dabbobin gida biyu da ke ɗakin kayan A350 ɗin kuwa ba a iya ciro su ba, kamfanin da kansa ya tabbatar da hakan.

Malam Auwal: Anti Rabi, na fahimci batun akwati. Amma wallahi zuciya ba ta karɓar a daidaita kyanwa da akwati. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Kai ne ka kulle dabbar nan a jaka, ka ja zif, ba ta da hanyar ceton kanta. Jaka mai laushi ce, nauyinta duka bai wuce kilo 8 ba a yawancin kamfanonin da ke yarda. Uwa tana fita da jariri a ƙirjinta, me zai hana mutum ya rataya jakar a gaba ya bi layi? Ban ga sakan nawa hakan zai ci ba.

Anti Rabi: Malam Auwal, tausayinka a wurinsa yake, kuma babu ma'aikacin jirgin da yake jin daɗin wannan umarni. Amma mu bi shi mataki mataki. Jariri yana jikin uwarsa tun kafin jirgi ya tsaya. Jakar kyanwa tana ƙasa, a bayan sandar ƙarfen da ke tare kaya kada su zame gaba. Sai ka sunkuya, ka lalubo hannunta a cikin duhu ko hayaƙi, ka jawo. Idan saukar ta yi ƙarfi, kujerar gaba na iya lanƙwashewa ta danne ta. Duk lokacin da kake wannan, mutum ɗaya ko biyun da ke gefenka a tsare suke.

Ka fito kuma, hanyar tsakiya a wajen ƙafa dokar ƙera jirage ta yarda ta kai ƙanƙantar santimita 38, a sama kuma kusan 51. Maɗaurin jaka ya sarƙe a hannun kujera sau ɗaya, layi ya tsaya. Sannan ƙofa: a manyan jirage tsayinta daga ƙasa ya kusa mita 5, magangarar robar da ake hurawa da iska kuma an yi ta ne don ta ɗauki kusan mutum ɗaya a kowane sakan. Ana so ka yi tsalle ka zauna, hannuwanka a sake. Mai riƙe da kaya yakan tsaya ya gyara riƙo a bakin ƙofa, ko kayan ya kuɓuce masa ya bugi na ƙasa. Ƙugiyar ƙarfe ko farce na iya yaga robar, shi ya sa ma ake cewa mata su cire takalmi mai tsini. Magangara ɗaya ta sace, an rasa ƙofa guda gaba ɗaya.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi damun ma'aikata. Da zarar an ga mutum ɗaya da jaka, na bayansa zai buɗe lokar sama. Hakan ya faru a jirgin Emirates da ya kama wuta a Dubai a watan Agustan 2016, bidiyon cikin jirgin ya nuna mutane suna jawo kaya ana roƙonsu su bari. Allah Ya sa duka mutum 300 sun fita, amma ɗan kwana-kwana ɗaya ya rasa ransa a wajen kashe wutar.

Malam Auwal: To ashe shigar da ita ciki ba ya tabbatar da komai ke nan.

Anti Rabi: A ranar gobara, bai tabbatar ba. Kamfanin StarFlyer na Japan yana barin kare da kyanwa a cikin jirgi, a keji da ake ɗaurewa a kujerar layin ƙarshe, kuma sharaɗinsa a rubuce yake cewa idan aka zo ficewar gaggawa ba za a fita da dabbar ba. Littafin aikin kamfanoni ba iri ɗaya ba ne, musamman a saukar da aka samu lokacin shiryawa kafin a taɓa ƙasa. Saboda haka ka tambaya tun wajen sayen tikiti, ka sake tambayar shugaban ma'aikatan ciki idan ka zauna. Abin da suka faɗa a lokacin da abin ya auku shi ne hukunci, ba a musu a bakin ƙofa.

Kyaftin Bala: Bari in ɗauki rabi na biyu na tambayar Maman Ilham, wato ɗakin kaya, don akwai rashin fahimta da yawa a nan. Mutane suna zaton babu iska a ƙasa. Akwai. A jiragen fasinja na zamani matsin iskar ɗakin kaya ɗaya ne da na wajen zama, kamar mutum yana kan tudu mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Inda aka bambanta shi ne ɗumi da zagayawar iska. Ba kowane sashe ne yake da na'urar ɗumama ba, a waje kuma sanyi yana wuce digiri 50 ƙasa da sifili. Don haka akwai sashen da aka ware wa masu rai, a manyan jirage galibi ƙaramin ɗakin da ke can baya.

Matuƙi ba ya ganin ɗakin nan, kuma a yawancin jiragen fasinja babu mai iya sauka cikinsa ana tafiya. Hanyar da yake sanin akwai dabba ita ce takardar lodi da takardar sanarwar kaya na musamman da ake kawo masa ya sa hannu kafin a rufe ƙofa. Idan ya gani, sai ya tabbatar an saita ɗumin sashen. A watan Satumban 2015 wani jirgin Air Canada da ya tashi daga Tel Aviv zuwa Toronto ya karkata ya sauka a Frankfurt saboda na'urar ɗumama ɗakin kaya ta samu matsala, akwai kuma kare a ciki, ga teku a gaba. Matuƙin ya yi hakan ne domin ya san karen yana nan. Shi ya sa nake ba kowa shawara: da ka shiga, ka gaya wa ma'aikaciya cewa kana da dabba a ƙasa, ka roƙa a tabbatar matuƙi ya sani kuma an loda ta. Ba rashin ladabi ba ne, kuma ba ya cin minti ɗaya.

Yanzu gobara. Ɗakunan kaya suna da na'urar jin hayaƙi da tulunan iskar kashe wuta da ake kira halon. An tsananta wannan doka ne bayan haɗarin ValuJet a Florida a 1996, inda wuta ta tashi a ɗakin kayan da ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, mutum 110 suka mutu. Idan ƙararrawa ta buga, matuƙi zai danna maɓalli: hanyoyin iskar ɗakin su rufe, tulu na farko ya fashe gaba ɗaya ya kai halon kusan kashi 5 cikin ɗari na iskar ɗakin, sauran kuma su riƙa tsiyayowa a hankali don ya tsaya a kashi 3 har a sauka. Halon a wannan ma'auni ba shi ne babban makashi ba. Hayaƙin da aka kulle a ciki, da gubar da halon ke rikiɗewa ya zama idan ya haɗu da harshen wuta, su ne dabbar ba za ta jure ba. Kuma babu matuƙin da zai jinkirta danna maɓallin nan saboda akwai keji a ɗakin. Ko ƙararrawar ƙarya ce, a sama ba a da hanyar tantancewa.

Baban Sadiq: Ranka ya daɗe Kyaftin, amma bayan an sauka fa? Me zai hana 'yan kwana-kwana su buɗe ƙofar kayan nan take?

Kyaftin Bala: Ƙa'ida ce kada a buɗe ta sai mutane sun gama fita. Wutar da halon ya danne ba ta mutu ba, iska take jira. Ka buɗe ƙofa, halon ya fice, wuta ta tashi a ƙarƙashin ƙafafun waɗanda ba su sauka ba. Haɗarin jirgin Saudiyya a Riyad ranar 19 ga Agustan 1980 shi ake koyarwa har gobe: wuta ta fara a ɗakin kayan baya, jirgin ya dawo ya sauka lafiya a kan titi, aka yi jinkirin fitar da mutane, duka 301 suka rasu a ciki. Duk tsaurin da kuke gani a kan sakanni daga irin wannan ya samo asali.

Ƙari a kan haka, ƙofar kayan babban jirgi da lantarki ko matsin mai take buɗewa, tana da tsayi daga ƙasa, sai an kawo motar lodi. Idan jirgi ya sauka a kan cikinsa, ɗakin kaya ne ke fara shan bugu, idan a ruwa ne shi ke fara cika.

Dokta Binta: Duk abin da Kyaftin da Anti Rabi suka faɗa haka yake, amma ina so in juyo da hankalinmu. Haɗarin jirgi abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Dabbobin da ke mutuwa a tafiyar jirgi, akasarinsu jirgin lafiya ya tashi lafiya ya sauka. Zafi ne, ko numfashi, ko maganin barci, ko keji mara ƙarfi. Waɗannan kuwa duk a hannun mai dabbar suke.

Na farko, maganin barci. Mutane suna zuwa suna roƙon allurar da za ta kwantar da kyanwa har a isa. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, da ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka duk sun yi gargaɗi a kai, kamfanoni da yawa ma ba sa karɓar dabbar da suka ga alamar an sa mata. Magani irin asefuromazin yana saukar da matsin jini a jijiyoyi, yana hana jiki daidaita zafinsa, yana kuma kashe ƙarfin tsayuwa. A sama iskar oksijin ta ragu, sai abubuwan su haɗu. Dabbar da ke cikin hayyacinta idan jirgi ya yi gargada takan baje ƙafafu ta tokare. Wadda aka bugar sai dai ta riƙa buguwa da bangon keji, ko ta kwanta wuyanta a lanƙwashe ta toshe maƙogwaronta. Idan dabba mai tsananin firgici ce, akwai magungunan rage tsoro da ba sa bugarwa, amma likita ne zai auna gwargwadon nauyi, kuma a gwada a gida kwanaki kafin tafiya, ba ranar ba.

Na biyu ya shafe mu kai tsaye, domin kyanwar Farisa mai shafaffen hanci ta yi yawa a gidajenmu yanzu. Ita da karnuka masu gajeren hanci irin buldog da fog (pug), ƙofofin hancinsu ƙanana ne, naman ganɗarsu ya yi tsawo yana rufe hanyar iska. Kare da haki yake fitar da zafi, to wanda hanyar iskarsa a matse take, yana haki maƙogwaron yana kumbura, yana kumbura yana ƙara haki. A 2010 ma'aikatar sufurin Amurka ta fitar da alƙaluman shekara biyar: karnuka 122 sun mutu a ɗakin kayan jirage, kusan rabinsu masu gajeren hanci ne. A ganina irin waɗannan kada su shiga ɗakin kaya sam. In ba za a karɓe su a ciki ba, a fasa tafiya da su.

Abinci: a ba da mara nauyi kamar awa huɗu kafin a miƙa ta, kada a cika mata ciki saboda amai, amma kada a hana ruwa. Kejin kuma a ajiye shi a buɗe a gida makonni kafin tafiya, ana sa mata abinci a ciki, har ta riƙa kwana da kanta. Dabbar da ta fara ganin keji ranar tafiya ita ce ke karya haƙori da farce a ƙofarsa.

Maman Ilham: Dokta, idan takunkuman oksijin suka faɗo fa? Zan iya sa mata ɗaya?

Kyaftin Bala: Kafin Dokta ta amsa: naki tukuna, Hajiya. Takunkuman suna faɗowa da kansu idan matsin cikin jirgi ya kai na tsayin ƙafa 14,000. A tsayin ƙafa 35,000 mutum yana da sakan 30 zuwa 60 kafin hankalinsa ya gushe, kuma ba ya jin zuwan abin. Kin sunkuya neman jaka, a nan za ki tsaya. Iskar tana ɗaukar minti 12 zuwa sama kaɗan, mu kuma a lokacin muna gangarowa da sauri zuwa ƙafa 10,000 inda kowa zai shaƙi iska ba takunkumi, abin da ke ɗaukar 'yan mintuna idan babu tsaunuka a ƙasa. Ana sa rarar takunkumi aƙalla kashi 10 cikin ɗari, amma don jarirai ne da ma'aikatan da abin ya rutsa da su a tsaye. Na ɗakin kaya ba su da komai sai wannan gangarowar.

Dokta Binta: Haka ne. Idan kin sa naki, na kusa da ke duk sun samu, akwai ɗaya yana reto, sai ki ja shi don iskar ta fara fita, ki kanga shi a jikin ragar jakar daidai hancinta. Kada ki buɗe zif. Kyanwar da ta firgita ta fita a wannan yanayi ba za ki sake kama ta ba, kuma takunkumin an yi shi ne don fuskar mutum, ba zai zauna mata ba. Kangawar ta wadatar.

Ko ba a rasa matsin iska ba, ki riƙa leƙawa. Kyanwa ba ta numfashi da baki a buɗe sai da matsala. Dasashi da harshe su kasance ja-ja mai haske, idan suka koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka, ki kira ma'aikaci nan take. A 2018 ma'aikatan wani jirgin JetBlue sun ceci ƙaramin buldog da tulun oksijin na hannu bayan harshensa ya yi shuɗi. A shekarar dai, a wani jirgin United daga Houston zuwa New York, aka sa jakar ɗan kwikwiyo a lokar sama, aka sauka ya mutu. Lokar sama ba ta da zagayawar iska. Duk wanda ya ce ki ɗora jakar can, ki faɗa da babbar murya cewa akwai dabba mai rai a ciki, ki nemi shugabansu.

Baban Sadiq: A lokacin gargada ba gara a rungume ta a cinya ba?

Anti Rabi: A'a Baban Sadiq. Ana ƙera kayan cikin jirgi ne su jure fizgar gaba mai ninki tara na nauyinsu. Kyanwa da jakarta kilo 6, a irin wannan fizga sun zama kilo 54 cikin ƙiftawar ido, babu hannun da zai riƙe. Jirgin Singapore Airlines da ya shiga mummunar gargada a watan Mayun 2024 ya faɗo mita 54 cikin sakan 4.6, waɗanda ba su ɗaura bel ba suka bugi rufi. Ƙarƙashin kujera akwai rufi a sama, sanda a gaba, ƙafafunka a baya. Nan ne wurin da ya fi tsaro.

Malam Sani Kago: Ni bari in yi maganar keji, don a wajen lodi nan ake ganin aibinsa. Ma'aunin IATA haka yake. A auna daga hanci zuwa gindin wutsiya, a ƙara rabin tsayin ƙafar gaba daga ƙasa zuwa gwiwa, wannan ne tsawon keji. Faɗin kafaɗu sau biyu, shi ne faɗinsa. Tsayi kuma daga ƙasa zuwa saman kai ko tsinin kunne, wanda ya fi tsawo, dabbar tana tsaye, a ƙara kaurin shimfiɗa. Misali karen da tsawonsa santimita 70 ne, gwiwa 30, kafaɗa 20, tsayi 60: kejinsa a ciki kada ya gaza 85 a tsawo, 40 a faɗi, 60 da ɗoriya a tsayi. Masu gajeren hanci a ƙara kashi 10 cikin ɗari. Kada kuma a wuce gona da iri, keji mai girma sosai wurin wurgi ne idan jirgi ya girgiza.

Inda keji ke cin amana wuri biyu ne. Na ɗaya, haɗin sama da ƙasa. Kejin roba mai ƙarfi gida biyu ne, wasu da maɓallan roba masu ɗanawa ake haɗa su. Ya zamo daga bel ɗin lodi ya faɗi a kwalta, maɓallan su ɓalle, kare ya fita a guje a filin da injuna ke kunne. A cire su a sa noti da ƙusar ƙarfe a kowane rami. Na biyu, ƙofa. Ta zama ta ƙarfe, sakatarta ta shiga sama da ƙasa, sannan a ɗaure kusurwoyi huɗu da igiyar robar nan da masu wayarin ke ɗaure waya da ita. Kada a sa kwaɗo, domin in dabbar ta shiga wani hali ma'aikaci da almakashi zai yanke igiya, amma ba shi da mabuɗinka. Ramukan raga kada su wuce milimita 25 ga kare, 19 ga kyanwa, don hanci ko ƙafa kada su leƙo. Tagar iska ta kasance a ɓangarori huɗu a tafiyar ƙasa da ƙasa. A cire tayoyi. Kada a bar igiyar ja ko takunkumin baki a ciki, suna shaƙewa. Kwanon ruwa a maƙala shi a ƙofa ta ciki yadda za a iya zubawa daga waje, a daskarar da ruwan tun dare, don ruwan zalla kafin a kai jirgi ya zube. A liƙa koren tambarin dabba mai rai da kibiyoyin da ke nuna sama, da hoton dabbar da lambar wayar da za ta yi aiki a inda za a sauka.

Namu aikin kuma: a ɗaure kejin kada ya motsa, a bar sarari a gefen tagoginsa, kada a ajiye shi kusa da busasshiyar ƙanƙarar da ake sanyaya magani ko kifi da ita. Ita ba ruwa take zama ba, iskar kabon take fitarwa, iskar kuma mai nauyi ce, ƙasa take kwantawa daidai hancin dabbar.

Sai zafi, wanda shi ne namu na gida. Dokar Amurka ta hana a bar kare ko kyanwa fiye da minti 45 a zafin da ya wuce digiri 29.5 tsakanin gini da jirgi. Ku kwatanta da filin Malam Aminu Kano ko na Yamai a watan Afrilu, inda inuwa ma take haura 40, kwalta kuma kamar tanda. Ɗakin kaya ba ya samun sanyi sosai matuƙar ƙofarsa a buɗe take. Jinkirin awa ɗaya da rana tsaka ya isa. A bazara a zaɓi jirgin dare ko na asuba, a kuma guji canjin jirgi in da hali. A watan Afrilun 2024 a Brazil an ɗora wani kare a jirgin da ba nasa ba, maimakon Sinop aka kai shi Fortaleza, aka sake dawo da shi São Paulo, tafiyar awa biyu da rabi ta koma kusan takwas, ya iso a mace.

Hajiya Turai: Malam Sani Allah Ya saka da alheri. Karen jagoran makaho fa, shi ma barinsa za a yi?

Anti Rabi: Hukuncinsa daban ne, Hajiya. Ba a keji yake ba, a ƙafar mai shi yake kwance, an horar da shi, kuma shi ne idon mutumin bayan an sauka ƙasa a cikin hayaniya. Tare suke fita, igiyarsa a hannu. Ana yi wa irin wannan fasinja bayani na musamman kafin tashi, ana nuna masa yawan layukan da ke tsakaninsa da ƙofa, ba a kuma zaunar da shi a layin ƙofar gaggawa.

Baban Sadiq: Tsuntsaye fa, kamar aku?

Dokta Binta: Tsuntsu ya fi kowa saurin mutuwa da hayaƙi, saboda huhunsa da jakunkunan iskar jikinsa suna zuƙe abin da ke cikin iska fiye da namu. Hayaƙin da mutum zai yi tari kawai, shi zai faɗo daga kan sanda. Aku mai jan wutsiya kuma tun 2017 yana jerin farko na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, ba a ƙetare iyaka da shi sai da izini na musamman, ko na gidanka ne.

Wani abu da ake mantawa: wajen binciken tsaro za a ce ka fito da kyanwa a hannu, jakar ta bi ta na'ura. Nan da yawa suke kuɓucewa. A sa mata ɗamarar ƙirji da igiya tun daga gida, a roƙi a yi binciken a ɗaki mai ƙofa. A dasa mata 'yar ƙwayar shaida ta lantarki (microchip) mai ɗauke da lambobi 15 a ƙarƙashin fata, ita ce ke dawo da dabbar da ta ɓace a filin jirgi. Idan kuma Allah Ya sa an fito da dabba daga jirgin da ya yi hayaƙi, ko tana tafiya garau a kai ta asibiti a ranar. Kumburin hanyar iska da ruwa a huhu sukan bayyana ne bayan kwana ɗaya zuwa uku. Wadda zafi ya buga, zafin jikinta ya haura 41 alhali daidai shi ne 38 zuwa 39, a jiƙa ta da ruwa mai ɗan sanyi, a sa ta a iska, a nufi likita ana ci gaba da jiƙawa.

Malam Auwal: Har yanzu ina ganin masu ƙera jirage da hukumomi suna da aiki a gabansu. Tunda ana karɓar kuɗin dabbar, ya kamata a gwada jakar da ake ɗaurawa a ƙirji a irin gwajin sakan 90 ɗin nan, a ga ko da gaske tana tsayar da layi, maimakon a bar kowane kamfani da nasa. Kafin nan dai na yarda ba zan zama sanadin tsayar da wani a cikin hayaƙi ba.

Maman Ilham: Anti Rabi, wace kujera ce ta fi dacewa mai kyanwa ya nema?

Anti Rabi: Ba za a ba ki layin ƙofar gaggawa ba, haka layin farko mai bango a gaba, don babu kujerar da za ki tura jakar ƙarƙashinta. Ki nemi gefen taga, yadda ko jakar ta zamo ba za ta tare wa kowa hanya ba. Ki tambayi ƙirar jirgin kafin ki sayi jaka, domin ma'aunin kamfanoni ya bambanta, na Lufthansa santimita 55 da 40 da 23 ne, wasu kuma ya fi haka ƙanƙanta, sannan wasu kujerun akwai akwatin na'urar talabijin a ƙasansu da ke cinye rabin wurin. Ki kira a sa miki ita a tikiti da wuri, don kowane jirgi yana da iyakar dabbobin da yake ɗauka a ciki, idan gurbin ya cika sai dai ɗakin kaya ko wani jirgin.